Ranar da Suwic ɗin Marigayi Ya Zama Shugaba

Asabar, 10 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Ɗakin sanyi na biyu. Duk inabin da aka tsinko Talata da Laraba, wanda ya kamata ya kama hanyar tashar jiragen ruwa gobe.

Usta Gabir, mai kula da injinan sanyi, shi ya buɗe ƙofar da safe. Ya leƙa, ya rufe, ya tsuguna a ƙasa ya dafe kai. Wani tsami ya biyo iskar da ta fito, har yanzu yana cikin mayafina. Ma'aunin jikin ƙofar ya nuna ashirin da huɗu. Sifili ya kamata ya nuna.

Injin ɗakin ya tsaya tun yammacin Alhamis, fankoki suka ci gaba da juya iska mai ɗumi. Tsayawarsa ba sabon abu ba ne, yakan yi haka in zafi ya tsananta. In ya tsaya, saƙo yakan tafi wayar Usta Gabir, ya hau babur ya zo ya tayar da shi. Wannan karon saƙo bai tafi ba. Ta cikin akwatunanmu na sadarwa saƙon yake bi.

Wata biyu ke nan da na fara aiki. Mama ta ce, “Nirmin, ba ki taɓa shinkafar ba.” Na ce zafi ne.

Lahadi, 11 ga Yuni, kafin motar kamfani ta zo

Zan rubuta abin da na sani kawai, ko kaina ya daina juyawa.

Akwatunan sadarwa uku muke da su a ɗakinmu, waɗanda ake kira suwic. Kowace kwamfuta, kowace kyamara, kowane ma'aunin sanyi na gidan nan, wayarsa a jikinsu take ƙarewa. An ɗora su ɗaya bisa ɗaya, an haɗa su ta baya da gajerun wayoyi masu kauri, sun zama tari guda. Ɗaya ne shugaba a cikinsu, shi yake riƙe da tsarin gidan duka, sauran biyun su bi. Kowane suwic yana da lambar girma, daga ɗaya zuwa goma sha biyar. Shugabanmu goma ne.

Da aka gina sabon zauren ɗaure kaya, sai aka buƙaci na huɗu. Alhaji Rifa'at, mai kamfanin, ya ce ba za a sayi sabo ba alhali na ƙaninsa marigayi Alhaji Subhi yana cikin kwali tun da aka rufe ma'ajiyarsa. Ya ce kayan ɗan'uwansa ba za su tsufa a sito ba yana raye.

Ƙa'idar ɗaya ce, kuma Injiniya Wagdi, ogana, ya maimaita min ita har na gaji: a kashe ake shigar da baƙon suwic cikin tari. A saka masa waya yana mace, sannan a kunna shi, sai ya farka ya tarar da shugaba a zaune, ya bi. In kuwa aka kunna shi shi kaɗai, ya naɗa kansa shugaba, sannan aka saka wayar, to shugabanni biyu sun haɗu. Mai babbar lamba ya ci. Waɗanda aka kayar su mutu, su sake tashi da tsarin wanda ya ci.

Ni na ɗaure shi a mazauninsa ranar Laraba. A kashe na bar shi. Na naɗe wayar wutarsa na ɗora a kansa. Wannan na tabbata. Na tabbata.

Lambarsa goma sha biyar ce. Jiya muka sani.

Lahadi, ƙarfe uku

Alhaji bai zo ba. Ya aiko cewa suna yake so. Sunan mutum ɗaya, kuma mutumin zai bar gidan. Sashen sadarwa mu biyu ne.

Litinin, 12 ga Yuni, bayan la'asar

Mun mayar da tsarin gidan. Sai da muka fasa kalmar sirrin tsohon suwic ɗin, don wanda ya saka ta ya tafi Kuwait tuntuni. Da muka shiga, sunan da ya bayyana a fuskar kwamfuta shi ne SUBHI. Kwana huɗu gidan nan yana tafiya da tsarin ma'ajiyar da aka rufe, inda babu ɗakin sanyi ko ɗaya.

Injiniya ya daɗe yana kallon sunan. Sai ya ce, “Allah ya jiƙanka, Alhaji Subhi. Da ranka ma ba ka yarda wani ya shugabance ka ba.”

Na yi dariya, sai kuka ya biyo baya. Ya turo min kofin shayinsa.

“Haba Dakta, in za ki yi kuka ki matsa, kar ki jiƙa min allon rubutu. Shi kaɗai ya rage min.”

Dakta yake ce min tun ranar farko, wai don na zo da littattafai biyu a jaka. Shekararsa goma sha tara a nan. Shi ya ja wayar farko a gidan, lokacin ɗakin sanyi ɗaya ne kuma ana rubuta nauyin kaya da alli. 'Yarsa za ta yi aure bayan babbar Sallah.

Talata, 13 ga Yuni, da rana

An cire hoton bikin buɗe sabon zaure daga bangon ofis. Ƙusar tana nan.

Laraba, 14 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Ban rubuta ranar Alhamis ba. Ina ta zagaye ta.

Ranar buɗe sabon zaure ce. An yanka maraƙi a bakin ƙofa, an tsoma hannu a jini an buga a bango, mata masu ɗaure kaya suna ta guɗa. Alhaji ya ba kowa hutun Juma'a, duk da muna tsakiyar kakar inabi. Kowa ya san al'adarsa: ba a tayar da sabon abu a gidan nan sai ya fara da hannunsa ya ce Bismillah. Shi ya tayar da babbar mota ta farko, shi ya danna injin kowane ɗakin sanyi. Don haka Injiniya ya tanadar masa wayar ƙarshe. Ya saka baki ɗaya a jikin suwic na uku, ya bar ɗaya bakin yana reto, har da jan ƙyalle a ɗaure. Ba laifi a haka, tunda akwatin a mace yake.

Muna waje wajen yanka. Da muka taho ɗakinmu, mutum wajen ashirin a bayan Alhaji, sai Ustaz Midhat, mijin 'yar Alhaji, mai kula da talla, ya tare ni a ƙofa yana murmushi. Ya ce, “Na kunna muku shi tun ɗazu. Hoto ba ya kyau da baƙin akwati.”

Na duba. Fitilunsa kore ne.

Na ce, “Injiniya.” Na faɗa. Ban sani ba ko da ƙarfi. Guɗa ta cika ɗakin, kafaɗun maza sun raba ni da shi. Yana can bayan akwatunan, wayar tana hannunsa, yana miƙa ta.

Hannun da ya karɓa yana da zoben azurfa mai jan dutse.

Aka yi tafi. Aka ɗauki hoto. Aka fita cin fatta, shinkafar biki da nama. Ni kaɗai na tsaya na ga akwatunanmu uku sun mutu lokaci guda, suka yi duhu, suka dawo ruwan lemu, suka dawo kore. Kwamfutocin ofis suka dawo aiki. Na gwada shiga, kalmar sirrinmu ta ƙi.

Na sami Injiniya a wajen cin abinci, Alhaji ya zaunar da shi a damarsa yana tura masa nama. Na sunkuya na raɗa masa. Ya ce, “Kore ne?” Na ce kore ne. “Ofis yana aiki?” Na ce yana yi, amma ɗakunan sanyi fa? Ya ce in duba ma'aunin ƙofofi. Na je na duba, duk sifili. Ya ce, “To Asabar.”

Ma'aunin ƙofa ba ya bi ta cikin akwatunanmu. Saƙon gargaɗi ne yake bi. Na san haka a makaranta. Ban tuna ba sai Asabar.

Alhamis, 15 ga Yuni, a cikin mota

Mutum ashirin suna ɗakin. Kowa ya gani. Ba wanda ya gani.

Asabar, 17 ga Yuni, ƙarfe ɗaya

An sallami rabin matan zaure na mako guda, tunda baturen da ya yi odar inabin ya janye. Ummu Husam, shugabarsu, ta tsayar da ni a wajen famfo, hannu a ƙugu.

“Injiniya, ashe ke ce mai dafa inabi? Mu mun san ana dafa wake.”

Matan suka fashe da dariya. Sai ta matso ta gyara min mayafi, ta rage murya.

“Wasa nake, 'yata. Ni ma ina ɗakin ai, ni ce mai guɗar. Amma idona ba ya gani sosai kwanakin nan. Ke ma ki je a duba miki naki.”

Lahadi, 18 ga Yuni, bayan azahar

Ustaz Midhat ya zo ɗakinmu lokacin da Injiniya ya fita salla. Bai taɓa zama a nan ba, yau ya ja kujera. Ya kawo min ruwan rake mai sanyi.

Ya tambayi lafiyar Mama, ya tambayi wace jami'a na yi. Sannan ya ce Alhaji zai kira mu ranar Laraba, kuma dattijo ne mai hawan jini, bai kamata a cika masa kunne da dogon labari ba.

“Abin da ya faru ai a fili yake. Injiniya Wagdi bai duba tsohon akwati ba kafin ya haɗa. Girma ya zo masa, kowa na mantuwa. Ke kuma yarinya ce mai ƙwazo, gaba gare ki.”

Na ce, “Ustaz, a kashe na bar shi.”

Ya ce, “Wa ya ce ba a kashe kika bar shi ba?”

Na ce, “Kai ka ce min ka kunna.”

Ya dube ni kamar na yi magana da wani yare. Ba fushi a fuskarsa. Ya ce, “Ni? Me na sani game da waɗannan abubuwan? Ko talabijin ɗin gidana matata ce ke kunnawa.” Ya yi dariya, ya tashi, ya ce in sha kafin ya yi ɗumi.

Ban taɓa ganin mutum ya yi haka da fuska ba.

Lahadi, da yamma

Ruwan raken yana nan kan tebur, ya yi baƙi.

Litinin, 19 ga Yuni, ƙarfe huɗu

Na gaya wa Injiniya komai. Yana ɗaure wayoyi da igiyar roba, bai juyo ba.

Na ce ranar Laraba zan faɗa yadda aka yi, daga farko har ƙarshe. In Alhaji ya ji cewa ba mu muka kunna ba, ai ba zai kori kowa ba.

Ya ce, “Dakta, ki ce ke sabuwa ce, ba ki san komai ba. Shi ke nan aikinki.”

“Sai su ɗora maka.”

“Su ɗora. Alhaji zai yi faɗa, ya ce kar in sake taka masa gida, in yi kwana uku ina shan shayi a gaban shagon aski, sannan ya aiko direba. Sau biyu muna haka da shi. Mantuwa ana yafe ta.”

“To me ba a yafewa?”

Ya ce in miƙo masa almakashi.

Ban yarda ba. Wancan lokacin ba a zubar da ɗaki guda na inabi ba. Kuma ba mantuwa ya yi ba. Me zai sa ya ɗauki abin da ba nasa ba?

Talata, 20 ga Yuni, da safe

Mama ta ce in yi shiru. Ta ce Babana ma gaskiya ya faɗa a ma'aikatar jirgin ƙasa, ya ƙare a tashar da jirgi ke tsayawa sau ɗaya a rana. Na ce ba kaina nake nema wa ba. Ta ce, “Haka shi ma ya ce.”

Laraba, 21 ga Yuni

Ba zan iya rubutawa yau ba.

Alhamis, 22 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Ban je aiki ba. Na ce zazzaɓi ne.

Mu huɗu ne jiya a ofishin Alhaji: shi, Ustaz Midhat a tsaye wajen taga, Injiniya, da ni. Alhaji ya rame. Ustaz Midhat ya fara magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce, “Yarinyar nan nake so in ji. An ce ba ta ƙara gishiri.”

Injiniya bai dube ni ba. Takalminsa yake kallo.

Na faɗa. Yadda na bar shi a kashe. Abin da aka ce min a ƙofa, da wanda ya ce. Shugabanni biyu da lambar girma. Ya saurara, har ya tambaye ni lambar ƙaninsa nawa, na ce goma sha biyar, ya ce, “Tamu fa?” Na ce goma. Ya ɗan girgiza kai. Sai na zo kan wayar. Na ce lokacin da aka saka ta ne abin ya faru.

Ya ce, “Aka saka. Wa ya saka?”

Na ce, “Kai ne, Alhaji.”

Ya juya hannunsa na dama, ya kalli tafin, ya kalli bayan.

Ya ce, “Midhat, ka kunna?”

“Wallahi Baba, ko da na taɓa wani abu, don hoto ne, ni ban san…”

“Rufe min baki. Kai jaki ne, na sani tun ranar da na ba ka 'yata.”

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina shi ke nan, an gama, Injiniya ya tsira.

Sai Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, “Midhat bai san aikin ba. Ni ban san aikin ba. Ke kina bakin ƙofa, kin ce kin yi magana ba a ji ba, na yarda. Tambaya ɗaya zan yi miki, 'yata. Fitilun a gaba suke, mu muna baya. Wanda ya san aikin, zai iya tsayawa a bayan akwatin nan, bai san a kunne yake ba?”

Da na ce ban sani ba. Kalma uku ce.

Na ce, “Fankarsa ta baya take hura iska, Alhaji. Tana taɓa hannu.”

Ya ce, “Na ji ta a hannuna. Na ɗauka haka ake yi.”

Sannan ya dubi Injiniya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, “Wagdi, da mantuwa ka yi, da na zage ka mun wuce wurin. Shekara goma sha tara kana cin abinci a damata. Ka miƙo min wuƙa, ka bar ni na yanka kaina a gaban mutane, kana tafi.”

Injiniya ya ce, “Haka ne, Alhaji.” Ya ciro makullan ɗakinmu daga aljihu ya ajiye a kan tebur, a hankali, don kar su yi ƙara.

Alhaji ya turo su gabana.

Alhamis, da yamma

Injiniya ya gaya min. Ranar Litinin ya gaya min, da almakashi a hannunsa. Mantuwa ana yafe ta. Na ji kalmomin duka, ban ji maganar ba.

Asabar, 24 ga Yuni, ƙarfe biyu

Na koma. Usta Gabir ya gaishe ni da “Injiniya babba,” ban gane ko zolaya ce ba. Ummu Husam ba ta gaishe ni ba. Ustaz Midhat yana nan, ya yi sabon aski.

Na kira wayar Injiniya, ba a ɗauka ba. Na sake kira, matarsa ta ɗauka ta ce yana barci. Ina jin muryarsa a bayanta yana tambayar ina sukari.

Direban Alhaji yana wanke mota a tsakar gida. Ba a aike shi ko'ina ba.

Lahadi, 25 ga Yuni

Ba a aike shi ba.

Litinin, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Injiniya ya zo kwasar kayansa. Ba su da yawa: butar shayi, dardumar salla, wani ɗan akwatin sukurori da ya ce nasa ne tun kafin kamfanin. Ya sa riga mai guga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Na shirya maganganu tun jiya, duk suka gudu. Na ce, “Injiniya, ka yafe min. Na ɗauka…”

“Na san abin da kika ɗauka. Riƙe min jakar nan.”

Na riƙe. Ya zagaya bayan akwatunan, ya taɓa kowace waya da yatsa, ya tabbatar an ɗaure ta. Ya ce in an sami sarari bayan kaka in rage lambar na huɗu zuwa ɗaya, in ba haka ba duk ranar da wuta ta ɗauke musu gaba ɗaya, marigayi zai sake tsayawa zaɓe. Ya ce in yi da rana, ranar da ɗakunan sanyi ba kaya, kuma Usta Gabir yana kusa. Na ce to.

Na raka shi har get. Rana tana dukan kwalta. Ban yi niyyar tambaya ba, bakina ne ya yi.

“Ka ji iskar?”

Ya sauya jakar zuwa ɗaya hannun. Ya ce, “Mutumin ya riga ya ce Bismillah, Dakta. Ya miƙo hannu, surukansa suna kallo, mata suna guɗa, akwatin ƙaninsa ne da ya binne bara. Na ce a raina wataƙila lambarsa ƙarama ce. Yawancinsu ɗaya ne, ba wanda yake sauyawa.” Ya dube ni. “Ke kin fi ni ƙarfin hali, na gani ranar Laraba. To gaya min, tunda ba kya ƙara gishiri. Da wayar tana hannunki, da kin ce masa dakata?”

Na buɗe baki.

Motar haya ta tsaya, yaron mota yana kiran masu zuwa garin Minuf. Ya jira ni har direban ya danna oda sau biyu, sannan ya shiga.

Talata, 27 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

An kawo sabon injin awo, za a haɗa shi da akwatunanmu bayan Sallah. Alhaji ya aiko a tambaye ni wace waya zan tanadar masa.

Ban ba da amsa ba tukuna. Ɗan aiken yana tsaye a ƙofa.